Yadda ake haɗa motar wasa da tarkon ɓera, a kuma gano inda ƙarfinta ke zuwa

Ɗan ƙanwata ya shigo mini da motarsa a hannu, irin ƴan ƙananan nan na roba da ake sayo wa yara a kasuwar Dole in salla ta matso, waɗanda ake dannawa a ƙasa a ja baya, a saka su ruga. Tasa ta daina rugawa. Ya ce, "Kawu, mai ya ƙare mata." Na ce wa ya zuba mata mai tun farko? Ya yi shiru yana kallon hannunsa, kuma ba da saninsa ba ya kalli inda amsar take. Duk gudun da motar nan ta taɓa yi, daga hannun nan ya fito. Aikin sifirin da ke cikinta, wanda makanikan garinmu ke ce wa rasor, ajiya ce kawai: a ba shi ya riƙe, a sake shi ya mayar, kuma bai taɓa mayar da fiye da abin da aka ba shi ba.

Ranar ba mu iya gyara ta ba, sai muka haɗa wata da tarkon ɓera. Ga yadda ake yi, da ɗan lissafin da zai hana ka jin kunyar da na ji a gaban yara.

A fara da fasa wadda ta mutu

Kada ka jefar da motar da ta lalace. Kwance ƴan ƙusoshin ƙasanta, za ka tarar da wani ɗan akwati a tsakanin tayoyin baya. Buɗe shi a hankali a kan farar takarda, don ƙananan giyoyin suna son tsalle su shige yashi, kuma abin da ya shige yashin tsakar gida a Damagaram sai dai a yi masa addu'a. A ciki akwai siririn ƙarfe mai faɗi da aka naɗe kamar tabarma. Shi ne sifirin. Idan ka ja motar baya, tayoyi na juya giyoyi, giyoyi na ƙara matse naɗin. Ƙarar ƙat-ƙat-ƙat da ake ji in an ja ta da yawa ba karyewa ba ce: naɗin ya cika, bakinsa na waje ne ke zamewa daga wannan gurbi zuwa wancan don kada ya tsinke.

Abin da ke ba yara mamaki shi ne a ja ta taki ɗaya ta yi taki goma. Sirrin na cikin giyoyin. Hanyar da ake bi a matse sifirin daban, hanyar da yake bi ya warware daban. Wajen ja, kana sa ƙarfi mai yawa a gajeriyar tafiya, shi ya sa sai ka danne ta da kyau. Wajen sakewa, ƙarfi kaɗan ne ke zuwa ga taya amma a doguwar tafiya, daga baya kuma ta ci gaba da gangarawa da saurin da ta samu. Kuɗin ɗaya ne, canji kawai aka yi masa. Riƙe wannan, don motar da za mu haɗa gaba ɗaya a kansa ta tsaya.

Kalma biyu da sikelin kasuwa

A bakinmu komai "ƙarfi" ne, amma a nan sai an raba. Ƙarfi shi ne turi ko ja, ana auna shi da niyuton. Ka ɗora ruwa giram 100 a tafin hannu, nauyin da kake ji ya kusa niyuton 1. Makamashi kuwa shi ne ƙarfi sau nisan da aka yi ana sa shi, ana auna shi da jul. Ɗaga kwalbar ruwa ta rabin lita sama da santimita 20: ka kashe kusan jul 1. Sunan ya fito ne daga James Joule, mutumin Ingila da ya nuna a shekarun 1840 cewa aikin da ake gani kamar ya ɓata ba ɓacewa ya yi ba, zafi ya koma. Ya yi ta juya filafili a cikin ruwa da nauyi mai faɗowa yana auna ɗumin da ruwan ya ƙara.

Dokar sifirin kuwa kana wuce ta kullum a kasuwa. Dubi sikeli mai ƙugiya da ake rataya kaya a jikinsa. Tazarar da ke tsakanin kilo 1 da kilo 2 daidai take da wadda ke tsakanin kilo 4 da kilo 5. Dalili: gwargwadon ja, gwargwadon miƙewa. Robert Hooke ne ya rubuta wannan. A 1676 ya fitar da ita da haruffan Latin a hargitse don kada wani ya riga shi, sai a 1678 ya warware ta. Da alama malamai ma suna da rowa. A lissafi ana rubuta ta F = k × x, inda F ke nufin ƙarfin ja, x miƙewa, k kuma taurin sifirin. Makamashin da ya ajiye shi ne ½ × k × x². Wannan ƙaramin 2 da ke sama yana da nauyi: in ka ninka miƙewa sau biyu, ajiyar ta ninka sau huɗu, don santimitan ƙarshe sun fi na farko wuyar ja. Amma akwai iyaka. Sifirin da aka ja ya wuce ƙima ba ya komawa yadda yake, kuma sikelin da aka taɓa rataya wa abin da ya fi ƙarfinsa ƙarya zai yi ta yi har ya mutu.

Kayan da za a tara

Tarkon ɓera na katako mai sifirin waya, sabo. Na nanata sabo: wanda ya taɓa kama ɓera, ko ya kwana inda aka zuba magani, ba abin da za a ba yaro ba ne. Sai allo marar nauyi, falle na siririn katako ko kwali mai kauri da aka manna biyu, tsawo santimita 35, faɗi 8. Tsofaffin faifan CD huɗu, waɗanda masu gyaran rediyo ba su san yadda za su yi da su ba yanzu. Tsinken tsire biyu masu kauri, miƙaƙƙu sosai, ka mirgina su a kan tebur ka gani, wanda ya yi rawa ka mayar wa mai nama. Bututun bik guda biyu da tawadarsu ta ƙare. Tsohon silifa. Sanda siririya mai ƙwari ta santimita 30, kara ba zai yi ba don yana karyewa a gindi. Zaren ɗinkin takalmi, balan-balan biyu, gam mai kamawa, salatif, filaya, ƙusa, rula da fensir.

Haɗawa

Mataki na farko na babba ne, ba na yaro ba. Da filaya, cire ƴar wayar da ke ɗana tarkon da wurin sa abincin. Ba ma buƙatarsu, kuma su ne ke sa tarko ya faɗa wa yatsa ba sallama. Abin da zai rage shi ne katako, sifirin, da wayar nan mai kusurwa huɗu da ke bugun ɓera. Ɗaura sandar a jikin gefe ɗaya na wayar, gefen da hannun sifirin ke dannawa, ka naɗe da zare ka bi da gam. Daga tsakiyar sifirin zuwa bakin sandar ya zama santimita 25. Ka yi ɗaurin nan da gaske. Nan ne duk ƙarfin ke bi, kuma nan ne ya fi kwancewa.

Sai allon. A ƙarshen da zai zama baya, yanke wani gurbi a tsakiya, faɗin yatsa biyu, zurfin santimita 4. Ta nan zare zai kai ga sandar taya. Yanka bututun bik: dogo ɗaya a manna a gicciye a ƙasan allon ta gaba, gajeru biyu a baya, ɗaya a kowane gefen gurbin. Kafin gam ya bushe, zura tsinken tsire ta cikin gajerun biyu don su zauna a layi ɗaya. Auna daga tsinken gaba zuwa na baya ta hagu, ka auna ta dama. In bambancin ya kai milimita biyu, motarka za ta riƙa karkata tana neman bango. Minti biyar ɗin da za ka ɓata a nan ya fi awa ɗaya na gyara daga baya.

Tayoyi. Ramin tsakiyar faifan CD milimita 15 ne, tsinke kuwa bai wuce 4 ba. Yanko ƴan da'ira huɗu daga silifa, su ɗan fi ramin girma, ka cusa su da ƙarfi. Huda tsakiyar kowace da ƙusa mai zafi wadda ta fi tsinken siranta, don tsinken ya shiga da ƙyar. Tsakiya nake nufi, ba kusa da tsakiya ba. Tayar da aka huda a karkace tana ɗaga motar tana saukewa a kowane juyi, kamar jaki mai ɗingishi. Bar ɗan sarari tsakanin taya da bakin bututu, kaurin farce, kada su goga. Yanke wuya da gindin balan-balan, ka miƙa zoben da ya rage a bakin tayoyin baya. In babu wannan, faifan zai yi ta juyawa a wuri ɗaya a kan siminti mai santsi.

Yanzu ɗora tarkon a gaban allon, yadda sandar in tana hutawa za ta miƙe gaba, in kuma an lanƙwaso ta baya bakinta zai sauka daidai saman tsinken baya. Manne shi. A tsakiyar tsinken baya, cikin gurbin nan, ɗaura guntun ashana ko waya ya ɗan fito kamar ƙaya. Ɗaura zare a bakin sandar, ka yi ƙaramin zarge a ɗaya bakin, tsawonsa ya kai ga ƙayar da ƙyar lokacin da sandar ke hutawa a gaba. Kada ka ɗaure zaren a jikin tsinken. Rataya shi kawai za ka yi, don in ya ƙare ya zame, motar ta ci gaba da gangarawa. In ka ɗaure shi, zai warware ya sake naɗewa ta ɗaya gefen, ya taka mata birki.

Ɗanawa: rataya zargen, ka ɗaga sandar da hannu ɗaya, ka juya tayoyin baya da ɗayan kamar motar na komawa baya. Zaren ya bar tsinken ta samansa. In ya fita ta ƙasa, motar za ta tafi da baya, yara su yi dariya, ka sake naɗi. Jera zaren kusa da kusa kamar mai naɗin rawani, kada ya hau kansa. Ajiye a ƙasa, saki.

Lissafin nisa, da inda na sha kunya

Sandar santimita 25 tana tashi daga baya ta kwanta a gaba, don haka tana jan zare kusan santimita 50. Kewayen tsinke mai kaurin milimita 4 santimita 1.26 ne. Raba 50 da 1.26, ka samu juyi kusan 40. Faɗin faifan CD santimita 12, kewayensa 37.7. Juyi 40 sau 37.7 ya ba da mita 15. Wato rabin mita na zare ya sayi mita 15 na hanya.

Da na ga haka sai kwaɗayi ya kama ni. Na ce to me zai hana sanda ta santimita 40? Zare 80, juyi 63, mita 24. Na haɗa ta a dogon allo, na tara yaran unguwa a barandar siminti bayan la'asar, na yi musu jawabi, na saki. Ta matsa kamar taki ɗaya ta tsaya cik, sandar a tsaye a sama tana kallona. Wani ƙaramin yaro ya ce, "Mushe, a tura ta?" Ban manta ba.

Kuskurena shi ne na ɗauka doguwar sanda na ƙara wani abu. Ba ta ƙara ko ƙwayar jul. Sifirin ɗaya ne, juyin da yake yi ɗaya ne, rabin da'ira. Sandar tana shimfiɗa abin da ke akwai ne a kan tafiya mai tsawo, kamar a raba tuwon mutum biyu ga mutum goma.

Ana iya auna ajiyar tarkon a gida, kuma wannan ne wurin da na fi so. Kafin ka manna tarkon a allo, danne shi a bakin tebur, ka lanƙwaso sandar har ta kwanta kamar an ɗana, bakinta ya wuce tebur. Rataya leda a bakin, ka riƙa zuba ruwa da sirinji ko kofin awo har sandar ta tsaya a kwance ba tare da hannunka ba. Rubuta yawan ruwan. Sannan kifa tarkon, sandar na hutawa, ka sake rataya ledar kana zuba ruwa har sandar ta fara rabuwa da katakon. Za ka ga ko a nan sai an zuba ruwa mai ɗan yawa, don tun daga masana'anta sifirin a matse yake. A ce na farko ya ci mililita 200, na biyu 80. Wato niyuton 2 da niyuton 0.8, tsaka-tsakinsu 1.4. Bakin sandar yana zagaya rabin da'ira mai tsawon 3.14 sau 0.25, mita 0.79. Sai 1.4 sau 0.79, jul 1.1. Naka tarkon zai ba da nasa adadi, amma ka ga girman abin: duk hayaniyar tarkon ɓera ba ta wuce ɗaga rabin litar ruwa tsawon taƙi ɗaya ba.

Auna ɓarawon

Wanda ke cinye jul ɗin nan shi ne gogayya: tsinke da bututu, taya da ƙasa, kaɗan kuma da iska. Shi ma ana auna shi. Cire zaren. Jingina katako yadda motar za ta gangaro daga tsayin santimita 10. Auna nauyin motar a wurin mai shago, a ce giram 150. Makamashin da tsayin ya ba ta shi ne nauyi a kilo sau 9.8 (niyuton da kowane kilo ke dannawa da shi) sau tsayi a mita: 0.15 × 9.8 × 0.1, kusan jul 0.15. Sake ta ba turi, ka auna inda ta tsaya. In ta yi mita 3, to gogayya na cin jul 0.05 a kowace mita.

Yanzu komai ya fito fili. Mai sanda 25 tana kashe jul 1.1 a mita 15, wato 0.07 a kowace mita. Ya fi 0.05, sai ta tafi, rarar kuma ta koma gudu, wanda za ta gangara da shi bayan zare ya zame. Tawa mai sanda 40 tana da 1.1 a mita 24, wato 0.046, kuma ta fi nauyi saboda dogon allo. Ba ta da abin biyan kuɗin hanya. Haka kuma ka san iyakar motarka tun kafin ka sake ta: 1.1 a raba da 0.05, mita 22. Duk dabarar sanda da zare ba za ta wuce nan ba, sai dai a rage gogayyar.

Rage ta kuwa aikin haƙuri ne. Goge tsinken da takardar yashi mai laushi inda yake shiga bututu. Kada ka ɗiga man keken ɗinki ko man gyaɗa. A garin da hunturu ke shigo da ƙura har cikin kwanon da aka rufe, mai da ƙura suna haɗuwa su zama laka a kwana ɗaya. Goga bakin fensir a jikin tsinken har ya yi baƙi yana sheƙi, ya fi. Rage nauyi inda za a iya, ka yanke kwalin da ba ya riƙe komai. Bayan kowane gyara, koma kan gangaren nan na santimita 10. In mita 3 ta zama 4, ka ci riba, kuma ka san adadinta. Gyara ɗaya a lokaci ɗaya, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Wani abu game da zafi. Gam ɗin da ake narkawa da wuta yana yin laushi in an bar mota a rana a watan Afrilu, bututu su goce, layin da ka sha wahala a kansa ya tafi. Balan-balan ma tana narkewa ta manne. A ajiye ta a ɗaki.

Masu son amfani da robar cikin taya maimakon tarko, tana aiki, amma ba ta bin dokar Hooke sosai, kuma tana riƙe wani kaso na abin da aka ba ta. Miƙa zoben roba da sauri ka taɓa shi a leɓenka: za ka ji ɗumi. Bar shi a miƙe ya huce, ka sassauta ka sake taɓawa: ya yi sanyi. Ƙarfen sifirin ya fi ta mayar da amana.

In gudu ake so, ba nisa ba

Yara ba su cika damuwa da mita 20 na tafiyar hawainiya ba, tsere suke so. To a juya lissafin. Gajarta sandar zuwa santimita 12, ka matso da tarkon baya, ka naɗa salatif a tsakiyar tsinken har kaurinsa ya kai santimita 1. Zare 24, kewaye 3.14, juyi bai kai 8 ba, tafiya kusan mita 3. Jul 1.1 ɗin nan duka zai zube a mita 3. Makamashin gudu shi ne ½ × nauyi × sauri sau kansa, don haka mota mai giram 150 da ta karɓi jul 1 ba za ta wuce mita 3.7 a daƙiƙa ba, kuma a zahiri ba za ta kai ba, don wani kaso na tafiya wajen juya faifan su kansu. Anan ƙananan tayoyi marasa nauyi a gaba, kamar murfin kwalba, suna taimakawa. In ka ji tayoyin baya sun yi ƙara suna juyawa a wuri ɗaya lokacin tashi, ka wuce gona da iri: ƙasa ba ta iya riƙe turin, makamashi na ƙonewa a banza. Rage salatif zagaye biyu, ko ka ɗaura tsabar dala ashirin a saman tsinken baya don ta ƙara danna tayoyin.

Akwai dabarar da ta haɗa biyun. Naɗa salatif a gefe ɗaya na tsinken ya yi kauri, ya riƙa sirancewa zuwa ɗaya gefen. Wajen ɗanawa, fara naɗa zaren a siririn wuri ka ƙare a mai kauri. Da an saki, mai kaurin ne zai fara warwarewa, ya ba ta ƙarfin tashi, sannan zaren ya gangaro siririn wuri ta miƙa hanya. Direban da ya taso da lodi daga tasha ya kama hanyar Matamaye haka yake yi, da giya ta ɗaya yake tashi.

Sai wurin gwaji. Lungunan Birni da Zango yashi ne, kuma a yashi siririyar taya nutsewa take, gogayyar ta ninka sau da yawa, jul ɗaya ba zai kai ta ko'ina ba. Nemi siminti: barandar lakwal ranar da babu karatu, ko falo mai tayil in uwar gida ta yarda. Share wurin tukuna, don ƙwayar tsakuwa ɗaya tana tsayar da motar nisa. Ja layin tashi da alli, sa yaro ɗaya ya riƙe rula, ɗaya ya riƙe kaye yana rubutawa, a yi gwaji uku a ɗauki na tsakiya. Hannun da ke saki kuma ya ɗaga sama kawai. Ɗan ƙanwata yana da wata ɗabi'a ta ɗan tura ta da ɗan yatsa in ya ga ba na kallo, har sai da muka koma saki da fensir a gicciye a gaban tayoyi, a zare shi ta gefe.